Bishiya ta Huɗu

Bishiyar sanya saba'in da uku a dajin bayan garinmu, kudu da Maradi. Mata tara masu haƙar saiwarta, yayata Hajo ce babbarsu. Sai sunan da na shafe shekara goma sha tara ina ginawa a kasuwar Dira, nan Riyad, inda in aka ce wa mutum "je wurin Abu Musa" ya san ba za a auna masa garin katako a ce magani ne ba. Waɗannan ukun na sa a hatsari cikin shekara ɗaya, kuma saura kaɗan in tashi babu ko ɗaya.

Ina ba da labarin ne saboda ku samarin da muke zama tare ranar Juma'a a Manfuha in an sauko daga masallaci. Kusan kowane mako sai wani ya ce min, "Baba, ai sana'arku ba wuya. A aiko maka da saiwa daga gida, ka ɗauki hoto, ka sa a waya, khalas, shi ke nan." To ku saurara.

Aikina na farko a wannan sana'a tankaɗe ne. Na zo ƙasar nan ina da shekara ashirin da shida, ɗan dako a Dira, ina sauke buhuna. Wani tsoho Bahadrame, mutumin Yaman, mai shagon kayan ƙamshi da magunguna, Mu'allim Salim, ya lura cewa in na sauke buhun citta nakan ware wanda ya ji danshi ba tare da an ce in yi ba. Ya yi magana da kafilina, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana, aka mayar da iƙamata, takardar izinin zama, wajensa. Wata bakwai na yi ina tankaɗe habbatus sauda. Rariya uku ce: mai faɗin ido ta tsakuwa da kara, matsakaiciya ta ƙwayar, mai laushi ta ƙura. Bai bar ni na taɓa ma'auni ba. Turmin tagulla ma sai na wanke shi da gishiri bayan kowace daka, don kada ƙamshin kanumfari ya shiga hulba.

Ranar da ya yarda da ni, kurkum ya zuba a tafin hannuna iri biyu ya ce in zaɓa. Na zaɓi mai kyan launi. Ya ɗiga ruwa a kai, sai launin ya gudu ya bar fari.

"Ido ɗan kasuwa ne, ya walad," in ji shi. "Hanci ne mai magani."

Duk abin da na sani na gane kaya, a wurinsa na koya. Amma akwai abu ɗaya da bai koya min ba, don shi ma ba a koya masa ba. A wurin Mu'allim Salim, magani daga buhu yake farawa. Abin da ya faru kafin buhun, wa ya tsinko, a ina, me ya bari, ba ruwansa.

Da ya tsufa ya koma ƙasarsu, mai lasisin shagon ya bar min shi in gudanar. Nan na fara shigo da kayan gida. Sabara, hano, tazargade, bagaruwa, da sanya, wadda wasu ke kira uwar magunguna. Wanda bai san ta ba, saiwa ce mai kaurin ɓawo, in ka kankare ta ƙamshinta kamar man zafi, har ya hau kai. Ana daka ta a kwaɓa da man shanu a shafa wa gwiwa ko baya, ana turara ta don ciwon kai. Ba abin wasa ba ce. Ba na sayar wa mai ciki, kuma ba na yarda a jiƙa a sha, don in ta yi yawa a ciki tana illa.

Masu saye na farko direbobi ne da leburori 'yan Damagaram da Maradi, waɗanda bayansu ya gaji da ɗaukar siminti. Sai matan ma'aikatan ofishin jakadanci suka ji labari. Sai 'yan Sudan. Daga baya har tsofaffin matan Larabawa ke aiko direba ya ce, "jib min dawa," wato kawo min maganin Takari mai warin nan. Yaya Hajo da matanta sukan shiga daji bayan kaka, su haƙo, su shanya a inuwa, a haɗa da takardu a aiko ta jirgin kaya. Buhu huɗu a shekara. Yana isa.

Wata safiya ina yanka saiwa gunduwa-gunduwa wata mata ta tsaya a bakin shago. Ba Balarabiya ba ce, ba kuma Baturiya sosai ba: jan jiki, gashi baƙi da furfura a gefe, ta kai shekara hamsin. Nas ce a wani babban asibiti, ta daɗe a Riyad, tana jin Larabcin asibiti irin na "fen yauja" da "ifta fammak", wato ina ke ciwo, buɗe bakinka. Ni ma Larabcin kasuwa ne da ni, sai muka daidaita. Sunanta Lora. Ni Sista nake ce mata. Ganyen shayi ta zo saye, amma ta ɗauki gunduwar sanya ta shinshina ta daɗe.

"Wa ya haƙo wannan?"

"Yayata."

"Nawa ta bari?"

Na ce ban gane ba. Ta ce ita 'yar ƙabilar Ceroki ce, cikin mutanen asali na Amurka, waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar. Kakarta mai haɗa magani ce. In suka shiga daji neman wani tsiro, in sun ga na farko sai su wuce shi. Na biyu ma su wuce. Na uku ma. Sai na huɗu za a taɓa. In kuwa uku kaɗai suka gani, a ranar hannu rabbana za su koma gida.

"Ko mara lafiya yana kwance?" na ce.

"Ko yana kwance. Za a nemi wani abin a yi masa."

Na yi dariya. Na ce, "Sista, kakarki ba ta biyan hayar shago a Dira."

Ita ma ta yi dariya, ta ɗauki ganyenta ta tafi. Daga nan ta zama mai zuwa duk wata. Kullum sai ta ɗauki saiwar ta gwada kaurinta da babban yatsanta, ta ce, "Yayarka tana da hankali." Ni kuma in ce, "Ni fa?" Ta ce, "Kai ɗan kasuwa ne."

Mummunar shekarar ta zo bayan an buɗe gari daga kullen korona. Mutane sun fito da tsoron ciwo, kowa na neman abin da zai ajiye a gida. Wani ya yi bidiyo a waya yana cewa saiwar nan ta Afirka tana maganin komai, daga ƙirji har suga. Ƙarya ce, amma ta yi tafiya. Wani babban ɗan kasuwa Balarabe mai shaguna a garuruwa uku ya zo da kansa ya zauna a kan kujerata. Ya ce yana son buhu talatin a shekara, zai sa a kwalba da tambarinsa.

Na kira Yaya Hajo a ranar.

"Talatin?" ta ce. "Ilu, kanka ɗaya?" Ita kaɗai ke kirana da wannan suna.

"Yaya, dama ce. Ku ƙara hannu."

"Hannu muke da shi, itace ne babu. Kai da ka bar gari da wando ɗaya, yanzu kai za ka gaya min abin da ke cikin dajin nan?"

Kuskurena a nan yake, kuma kuskure ne irin na wanda ya san buhu bai san daji ba. Ban sake yi mata magana ba. Na kira wani ɗan baffanmu na ce ya samo maza majiya ƙarfi, a biya su a kan kowane buhu. Su matan, da ɗan sanda mai bakin ƙarfe suke aiki. Su tone gefe ɗaya, su yanki saiwa ɗaya ko biyu daga cikin na gefe, su mayar da ƙasa su tattake. Ban taɓa tambaya ba, ban san haka suke yi ba. Maza da aka ce a kan buhu za a biya su, da diga suka shiga. Sukan tone bishiya duka su kwantar da ita su kwashe komai.

Kaya na farko ya zo da kyau, saiwa kamar damtse. Na biyu kamar yatsa. Na uku na buɗe na sa hanci, ƙamshin ya yi nisa. Na zube shi a tabarma na ware, na tarar kusan rabi saiwar wasu itatuwa ce aka haɗa. Na ware iya yadda zan iya, amma wani ya riga ya fita.

Hajiya Balaraba, matar wani ma'aikacin ofishin jakadanci da ke Nasiriya, shekara takwas tana saya wa mahaifiyarta. Ta zo ta ajiye ƙullin a kan ma'aunina.

"Alhaji, shinshina."

Na shinshina.

"Na ce ka shinshina da kyau. Sati biyu tsohuwa tana shafa wannan. Cewa ta yi ko dai gwiwarta ce ta mutu ba ta jin komai. Ni ban zo rigima ba. Na zo ne in ga idonka."

Na ba ta haƙuri. Na ce babu na kirki a hannuna yanzu. Ta ce ta gode da na faɗi gaskiya, ta fita. Ba ta dawo ba sai bayan shekara uku.

Yaya Hajo kuma ta daina ɗaga wayata. Wata biyar.

Da na samu hutu na tafi gida. Washegari da hantsi ta zo ƙofar ɗakin da na sauka, da sandarta a hannu. Ba ta gaishe ni ba. "Taso," kawai ta ce.

Muka shiga dajin. Ramuka ne ko'ina, wasu sun kai gwiwa, itatuwa a kwance sun bushe. Ta ce in ƙirga masu rai da bakina, da ƙarfi, tana ji. Muka zagaya har rana ta take. Goma sha tara.

"Saba'in da uku ne," ta ce. "Inna ce ta nuna min su ɗaya bayan ɗaya. Wannan da kake tsaye a kan raminta, da ita aka yi maka turare lokacin da ciwon kai ya hana ka karatun allo. Yanzu in 'yata Ladi ta tashi da ciwon baya, me zan ba ta? Kwalbar Balarabenka?"

Matan nan tara, uku sun riga sun bar aikin sun koma surfe a gidajen mutane.

Na dawo Riyad babu saiwa ko ɗaya. Da Sista Lora ta zo ta duba kwandon ta ga wayam, na gaya mata komai, har lissafin. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ja kujera ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta ce rabin maganar ta faɗa min a wancan karon. Kakarta ba ta shiga daji don ta cika kwando. Sai akwai mai ciwo, an san sunansa, an zauna da shi an ji abin da ke damunsa. In ta isa ga tsiro na huɗu sai ta tsuguna ta faɗi sunan mutumin da abin da ake nema masa, ta ɗauki daidai nasa, ta sa ɗan dutsen ado a ramin ta rufe.

Na ce, "Sista, ni Musulmi ne. Ba na magana da itace, ba na kuma ba shi kyauta."

"Ban ce ka yi ba. Amma ka lura: wanda dole sai ya faɗi suna kafin ya haƙa, buhu nawa zai iya cikawa?"

Wannan ta shige ni, don magana ce ta ciniki.

Ta ce a wurinsu lafiya ba ta tsaya ga jiki ba. Suna da kalma ɗaya da ke nufin mutum yana tafiya daidai, ba gaggawa, kamar ruwan rafi da ba abin da ya tare shi: tsakaninsa da jikinsa daidai, da danginsa, da ƙasar da yake ci daga gare ta. In ɗaya ya karkace, sauran za su bi. Ta ce shekara ashirin tana aikin asibiti, kuma ta ga masu komawa gida da magani mai kyau su dawo bayan wata uku, don babu wanda ke zama da su.

"Kai yanzu," ta ce, "yayarka ba ta magana da kai, dajinku a tone. A lissafin kakata kai ne mara lafiyan."

"To me kakarki za ta ba ni?"

"Ba za ta ba ka komai ba. Za ta tara mutane." Ta ce in gonar wani ta fi ƙarfinsa, ko rufin ɗakin tsohuwa ya zube, duk unguwa ke fitowa a yi aikin rana ɗaya, ba biya, sai abinci. Gadugi suke kiransa.

Na ce, "Wannan ai gayya ce! Mu ma muna da ita."

"To me kake jira?"

Babban ɗan kasuwan ya dawo a makon, yana tambayar sauran kayansa. Na ce babu, kuma ba za a ƙara ba. Ya ce zai ƙara farashi. Na ce ba a nan matsalar take ba. Ya ce akwai wasu 'yan ƙasarmu a Jidda da za su kawo masa ko me ya ce. Na ce Allah ya ba da sa'a, amma ya riƙa shinshinawa. Ya tashi bai sha shayin da na zuba masa ba. Da shi ne na yi niyyar buɗe shago na biyu a Batha. Maganar ta mutu a ranar.

Na aika wa Yaya saƙon murya ta wayar 'yarta, tunda tawa ba ta ɗagawa. Na ce na yi laifi, ina so a kira gayya a cike ramukan, abinci a kaina. Kwana huɗu sai ga amsa.

"Abinci a kanka, ji mana. Kai ma za ka zo ka riƙe cebur. Kuma shekara uku ba mai taɓa min itace ko ɗaya. In ka yarda ka zo. In ba ka yarda ba ka zauna can ka sayar da turare."

Na je kafin damina. Mutum kusan arba'in suka fito, har da mazan da suka yi ɓarnar, don ba su ne suka ƙirƙiro ta ba. Muka cike ramuka, muka kewaye goma sha taran da ƙaya saboda awaki. Inda aka bar guntun saiwa a ƙasa Yaya ta sa aka yi alama da dutse, ta ce wasu za su tofo. Na faɗa mata dokar kakar Sista, ta wuce uku a taɓa ta huɗu. Ta tsaya da cebur ta dube ni.

"Sai da Ba'amurkiya ta faɗa maka? Mu dai bibbiyu muke tsallakewa. Amma nata ya fi. A gaishe ta."

Shekara uku na yi ba sanya a shagona. Na rayu da citta, kanumfari, habbatus sauda, turaren wuta, abin da kowane shago a layin ke da shi. Masu zuwa don ita suka ragu, wasu suka tafi wurin masu kwalba.

Yanzu ga yadda aikin yake. In mutum ya zo neman sanya, ba na miƙa hannu ga kwando, don babu kwandon. Kujera nake ba shi. In tambayi sunansa, aikinsa, ina ke ciwo, tun yaushe, me likita ya ce, wa yake kwana da shi a ɗaki. Wani direba, Malam Isufu, ɗan Damagaram, ya zo wai bayansa. Ina tambaya sai na ga ƙafafunsa sun kumbura har takalmin ya shige cikin nama. Na ce ya cire. Na danna, wurin ya lotsa bai taso ba.

"Malam, wannan ba na shafawa ba ne. Asibiti za ka."

"Haba Alhaji, kai dai ba ni. In na je asibiti kafili ya ji, zai ce na gama aiki."

"In na ba ka, ni na gama da kai."

Na kira mutum biyu daga ɗakinsu suka raka shi. Ƙoda ce. An tare ta da wuri, har yau yana tuƙi. Da a shekarun baya ne, da na auna masa na ƙulle ya tafi, kuma ni da shi duka mu ce an yi ciniki.

Wanda na ga sanya ce ta dace da shi, sai in aika wa Yaya sunansa. Bayan kaka ta shiga daji da jerin sunayen a kanta, ta yi bisimilla, ta wuce uku, ta tone gefen ta huɗu, ta yanki daidai, ta rufe, ta zuba ruwan buta. Kowane ƙulli da sunan mai shi yake zuwa. Mutum yakan jira wata biyu, wani lokaci huɗu. Wanda ba zai iya jira ba, akwai masu kwalba. Hajiya Balaraba ta dawo, sunan mahaifiyarta ne na farko a jerin.

Sista Lora ta yi ritaya bara ta koma garinsu. Ranar sallama ta kawo min ɗan farin dutsen ado guda ɗaya, irin wanda kakarta ke sawa a rami. Ban binne shi ba. Na aika wa Yaya, ta ɗaura a wuyan sandar haƙarta.

To ga lissafin, ku da kuke cewa hoto ne kawai a waya. Shago na biyu ban buɗe ba, kuma ba zan buɗe ba. Babban mai saye ya tafi. Buhu huɗu da nake samu a da, yanzu bai cika ɗaya ba. Matan tara, shida ne ke shiga daji, ukun ba su dawo ba. Sunana ya dawo, amma ya ɗauki shekara uku. Yaya tana ɗaga waya, ko da yake da faɗa take farawa.

Itatuwa kuwa, na kashe hamsin da huɗu cikin shekara ɗaya. Wata biyu da suka wuce Yaya ta zagaya ta ƙirga: goma sha biyu sun tofo a inda muka sa duwatsu, mafi tsayinsu ya kai ƙugunta. Talatin da ɗaya ke nan. Saura arba'in da biyu, kuma a yadda sanya ke girma, ba ni ne zan ga cikarsu ba.